Jibirin Magini da Tukunyar Mahaifinsa

Duk wanda ya zauna a Gammo ya san Malam Jibirin magini. Yawancin rumbunan garin hannunsa ne ya ɗora su, kuma har yanzu da tsufa ya kama shi, in za a yi sabon gini sai an kira shi ya taɓa kwaɓin ƙasar ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Abin da matasa ba su sani ba shi ne, ba a Gammo aka haife shi ba, kuma ba Jibirin aka raɗa masa ba. Mijinyawa ne sunansa na farko. An haife shi a wata 'yar unguwar Maguzawa da ke can bayan gonaki, tsakanin ƙasar Kabo da ta Gwarzo, 'yan gidaje kaɗan, duk dangi ɗaya.

Mahaifinsa Nomau shi ne babba a unguwar, shi ke riƙe da tsafin dangi. A gindin wata tsamiya a bakin gandunsu akwai tsohuwar tukunya a kife, wadda Nomau ya gada daga nasa uban. Kowace shekara kafin shuka, sai a yanka jan zakara a kanta, a zuba giya, a roƙi Uwar Gona, iskar da suke bauta wa, damina mai kyau. Mijinyawa ne ɗan fari, kowa ya san ranar da Nomau ya gaza, wuƙar hannunsa za ta dawo.

Da shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo, taki ya gagari talaka, sabulu da gishiri ma sai an yi layi, ga ruwan sama yana ta ƙwauro. Abin da aka girba bai kai gidan ko'ina ba, sai Mijinyawa ya tafi Gwarzo cin rani. Ya samu aikin kwaɓa ƙasa a wurin wani magini, Malam Lawal. Sauran leburori ba sa haɗa kwano da shi, suna ce masa arne. Malam Lawal kuwa in an kawo abinci sai ya jawo shi su sa hannu tare. Bai taɓa yi masa wa'azi ba. In azahar ta yi, sai ya wanke laka a jikinsa, ya shimfiɗa buhu ya yi salla, ya dawo kan gini. Mijinyawa ne da kansa ya fara tambaya, Malam Lawal yana amsa masa kaɗan-kaɗan suna aiki. Kafin rani ya ƙare ya karɓi kalmar shahada, ya zaɓi suna Jibirin.

Ya koma gida ana dab da shuka, da buta a hannu da zafin sabon shiga a ƙirji. A shekarar hannun Nomau ya fara rawa. Ranar yanka, dangi suka taru a gindin tsamiya, tsohon ya miƙa masa wuƙa.

"Karɓi, Mijinyawa. Bana kai za ka yi."

"Baba, ba zan iya ba. Ni yanzu salla nake yi, ba na yanka don kowa sai Allah."

Ƙaninsa Jatau ya fashe da dariya. "To, malam ya dawo! Tuwon masu salla ya ci na rani ɗaya, har ya fi ƙarfin abin da ya ciyar da kakanninsa."

Mata suka taya shi dariyar. Jibirin ya ji kansa ya yi zafi. Akwai fartanya a jingine da tsamiyar, bai san lokacin da ya ɗauke ta ba. Ya ce, "Wannan tukunyar ce ke ciyar da ku?" Ya ɗaga ya sauke wa tukunyar, ta tarwatse.

Nomau bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa da ƙyar, yana tsintar fasassun yana zubawa a bakin rigarsa, hannun yana rawa, wasu suna zubewa yana sake ɗauka. Da ya gama ya ɗago ya ce, "Da ka tsaya a kan ba za ka yanka ba, da na ji. Wannan kuwa ba taka ba ce, ta ubana ce." Maganar ƙarshe ke nan da ya yi masa a duniya.

Damina ta lalace a wannan shekarar. Fari ne ya game ƙasa, har gonakin limamai bai bari ba, amma a unguwar kowa ya san wanda zai ɗora wa laifi. Aka cire Jibirin daga gandu. In ya cika buta ya ajiye, ya dawo ya tarar an zubar, wata rana ma giya aka tsiyaya masa a ciki. In ya tayar da salla, sai a zo a tsaya a gabansa ana kwaikwayonsa. Bai rama ba, bai kuma fasa sallar ba, sai dai ya ƙara matsawa cikin gona. Mahaifiyarsa Altine ce kaɗai ke ajiye masa tuwo. Ita ce ta zo masa da saƙo da ciwon Nomau ya yi tsanani.

"Ubanka ya ce in za ka zo ka yanka zakara ɗaya a gindin tsamiya, komai ya wuce."

Jibirin ya ce, "Inna, ki ce masa ya sa ni kowane aiki a duniya, zan yi. Wannan ne kaɗai ba zan iya ba. Ki ce masa na yi kuskure da na fasa."

Ta tafi da saƙon, ba ta dawo da amsa ba. Ya je ƙofar ɗakin ya durƙusa ya yi gaisuwa, tsohon ya juya fuska bango. Bayan kaka Nomau ya mutu, Jatau ya hana Jibirin taɓa gawar.

Da Jibirin ya koma Gwarzo ya zayyana wa Malam Lawal komai, yana fatan a ce masa ya yi daidai. Malam Lawal ya ci gaba da shafe bango, can ya ce, "Ƙin yankan, wannan na Allah ne, kuma ka riƙe shi. Fasawar kuwa taka ce, fushinka ne. Addini bai hana ka tausaya wa mahaifi ba, ko da ba hanyarku ɗaya ba." Jibirin ya ce daga ranar bai ƙara kwana da zuciya sakayau ba. Ba musuluntar yake nadama ba. Abin da ke cinsa shi ne, abin da tsohon ya gani na Musulunci a rayuwarsa duka, fartanya ce a hannun ɗansa.

Ya koyi gini sosai, ya zauna a Gammo. Can ma ba a karɓe shi hannu biyu ba. Wasu na kiransa tubabbe a bayan ido, ya nemi aure a gidaje aka yi ta yi masa hanya-hanya, har Allah ya haɗa shi da Zaituna, wata bazawara mai haƙuri. Amma kowace shekara kafin ruwa ya sauka, sai ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi unguwarsu, ya yaɓe rumbunan da suka tsage, ya tayar da katangar da ta zube, ba ya karɓar komai. A zuwan farko Jatau ya rushe abin da ya gina. Jibirin ya dawo ya sake ginawa. Yana kai wa Altine hatsi da man gyaɗa, ya gaida kowa gida-gida, ko an amsa ko ba a amsa ba. Bai ƙara furta kalma ɗaya ta addini a unguwar ba. In lokaci ya yi, ya fita bayan gida ya yi sallarsa ya dawo. Zaituna takan ce masa wahalar ta isa, shi kuwa ya ce bai ga ta isa ba.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Gari ya ɗauki murna, Jibirin ma ya yi murna. Sai wasu samari, waɗanda babu wanda ya ba su aikin, suka yanke shawarar zuwa unguwar Maguzawa su farfasa randunan giya. Jagoransu wani Ja'afar ne, ɗan maƙwabcinsa. Suka tare shi bayan sallar la'asar.

"Malam Jibirin, kai ka san inda suke dafawa. In da gaske ka bar su, ka shige mana gaba."

Ya dube su, ya ga irin zafin da ya sani a idanunsu. Ya ce, "Mu je." Ya shige gaba, suna biye da sanduna. Da suka isa ƙofar gidan Jatau, sai ya juyo ya tsaya a bakin zauren, ya buɗe hannuwa.

"Nan ne. Uwata tana ciki. Babu mai shiga."

"Arna kake karewa, Malam?"

"Ja'afar, in akwai doka, akwai mai unguwa, akwai hukuma, a kai musu magana su zo su faɗa. Wa ya aiko ku? Ni na riga ku yin wannan aikin a unguwar nan, tun ba a haifi wasunku ba. Ko mutum ɗaya bai sa ya yi salla ba. Mahaifina ya mutu bai ƙara yi mini magana ba. Ba na so ɗayanku ya ɗauki irin kayan da nake ɗauke da shi."

Daga baya wani ya wurgo dutse, ya same shi a gira. Jini ya wanke masa fuska har gemu, amma bai matsa ba. Ganin jinin dattijon da suke salla tare da shi ya sanyaya musu jiki. Ja'afar ya sauke sandarsa, suka juya ɗaya bayan ɗaya.

Jatau yana tsaye a cikin zaure da gatari, ya ga komai. Ya ajiye gatarin, ya ɗebo ruwa a ƙwarya da kansa. "Yaya, zauna in wanke maka." Rabon da ya kira shi Yaya tun suna samari.

A Gammo an yi ta surutu. Akwai waɗanda suka daina haɗa kafaɗa da shi a sahu na wani lokaci. Daga bisani mai unguwa ya zauna da manyan Maguzawan, aka daidaita a daina kai giya kasuwa, ba tare da an fasa ko ƙoƙo ba. Bayan wasu shekaru babban ɗan Jatau, magidanci da iyalinsa, ya zo Gammo ya ce yana son koyon gini. Suna aiki ya fara tambaya, Jibirin yana amsa masa kaɗan-kaɗan. Ya musulunta ya zama Lukuman, matarsa ta bi shi, sannan wasu gidaje biyu.

Altine ba ta bi ba. Da ciwon ajali ya kama ta, Jibirin ya zauna a gefenta yana ta juya maganar a bakinsa, tsoro ya hana shi, kada ya sake ɓata abin da ya gyara. Ita ce ta gane. Ta ce, "Na tsufa da sauya hanya, ɗana. Kai dai ka riƙe taka, na ga ta yi maka kyau." Shi da Jatau suka haƙa kabarinta tare. Wannan ma ya zame masa wani abin tuhumar kai. Yakan ce wa Zaituna, a wurin uba ya yi gaggawa, a wurin uwa ya yi nawa, bai san wanne za a fi tambayarsa ba. In mutane suka yabe shi cewa ta dalilinsa salla ta shiga unguwar, sai ya sauya zance.

Jatau dai har yanzu bai musulunta ba. Amma a bara Lukuman ya zo aiki da safe, ya ja baffan nasa gefe ya rage murya.

"Baba ya sa na nuna masa yadda ake alwala. Ya ce kada in kuskura in gaya maka."

Idon Jibirin ya kawo ruwa. Ya goge da bakin hula, ya ce, "To, ban ji ba. Kada ka matsa masa." Sannan ya ce a ƙaro ruwa, ƙasar ta yi tauri.