Kwana Goma Sha Tara Ana Cin Ƙanzo

Ban taɓa ganin Iya, kakata ta wajen uba, ta yi mana tatsuniya ba tare da tukunya a tsakanin ƙafafunta ba. A ƙauyenmu da ke kusa da Aujara, da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo tukunyar zuwa bakin murhu, ta ɗauki sakaina, ta shiga kankarar ƙanzon da ya kama a gindi. Mu jikoki mu kewaye ta, garwashi na gasa mana ƙafa. Duk abin da ta kankaro sai ta jera shi a faifai don a shanya da safe. Wanda ya miƙa hannu kuwa, sakainar ce za ta sauka a bayan hannunsa. Ni ne na fi kowa shan wannan duka, don tun ina ƙarami ba ni da haƙuri a kan abinci.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa tukunya sau uku ta ce, "Ga wata nan ta taso, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, Iya, ta ƙaraso." Mafi yawa na Gizo ne da Kura. Amma akwai guda ɗaya da babu Gizo babu Kura a cikinta, kuma ba ta yin ta sai bazara ta yi nisa, ana jiran ruwan shuka. Na lura duk ranar da ta fara ta, kakanmu Malam, wanda ke zama a kan buzunsa a bakin zaure, sai ya yi gyaran murya ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali ko kiran isha'i ba a yi ba. Na ɗauka tsoho ne kawai ba ya son surutun yara.

Ga yadda take. A zamanin da Nasara ba su daɗe da kama ƙasar nan ba, gyaɗa ta yi daraja, ana ta labarin masu saye har a Ringim. Wani magidanci ya ji, sai ya mai da babbar gonarsa ta gyaɗa, ya bar wa gero 'yar ƙaramar gonar bayan gida. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Gyaɗar ba ta yi abin kirki ba, geron kuma bai cika rabin rumbu ba. Gidan mutum huɗu ne: shi, matarsa, tsohuwarsa, da ɗansu da aka yaye.

A wancan lokaci, in ji Iya, mace ba ta leƙa rumbun miji, namiji kuma ba ya buɗe tukwanen da mace ta jera a ɗakinta. Shi zai hau rumbu ya jefo dami, ita ta sussuke ta daka. Matar nan ba ta leƙa ba, amma ta ƙirga damman da aka shigar da idonta tun kaka. Tun daga ranar ta daina zubar da komai. Ƙanzo ta shanya. Tsakin da ya rage a faifai ta tara. Dusar da ake ba awaki ta raba biyu. Rama da zogale ta busar, ta ƙara da guntun wake da ƙuli-ƙuli, duk ta zuba a tukwane ta rufe.

Wata safiya da bazara, maimakon dami, sai mijin ya miƙo mata tsabar gero a ƙwarya, kansa a sunkuye. Ta duba. Ƙwayoyin manya ne, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Ta kai hanci, sai ta ji ƙaurin hayaƙi. A nan Iya kan dakata da kankara ta dube mu.

"Wane gero ne ke ƙaurin hayaƙi?"

"Iri!" mu ce baki ɗaya, don kowane ɗan manomi ya san zaɓaɓɓun zangarniyoyin da ake ratayewa a saman zaure, inda hayaƙin wuta ke hana ƙwari cin su.

Rumbu ya ƙare ke nan. Mutumin ya rasa bakin da zai faɗa, sai ya riƙa sauko da irin shuka a ɓoye, yana murje shi da hannunsa. In aka cinye, ranar da ruwa ya sauka ba abin da zai sa a ƙasa, kuma a shekarar babu maƙwabcin da ke da rarar iri. Matar ta karɓi ƙwarya ta ce, "An gode, Allah ya ƙara buɗi." Ta shiga ɗaki ta juye geron a tukunyar ƙasa ta liƙe bakin. Sannan ta ɗebo ƙanzo da tsaki ta zuba a turmi ta yi ta daka da ƙarfi, don ya ji ƙarar taɓarya daga zaure ya ce gero ake dakawa.

Abincin da ya fito baƙi ne, yana ɗaci. Yau ta jiƙa ƙanzo ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, gobe ta yi fate da tsaki da rama, jibi ta tuƙa dusa da wake. Abin da ya kwana ta ɗumama da safe. Mijin ya yi ta faɗa. Iya ta iya kwaikwayon muryarsa sosai, har da yadda yake jan numfashi: "Ke wace irin mace ce? In ba ki gero kamar a tauna ɗanye, ki mai da mini shi gawayi?" Ya kai ƙararta wajen tsohuwarsa. Maganar ta fita har bakin rijiya, mata suna yi mata dariya wai ta manta tuƙin tuwo. Ita dai kullum ta karɓi ƙwarya ta yi godiya.

Wata rana na kasa daurewa na ce, "Iya, to me ya hana ta gaya masa?"

"Kai dai cikinka ne ke magana, maigidana," ta ce, don haka take tsokanata. "Da ta faɗa, cewa zai yi irin ai nasa ne, a dafa, Allah zai kawo wani. Namiji in kunya ta kama shi, gardama yake yi. Gara ya zage ta, geron na nan."

Kwana goma sha tara aka yi a haka. Wannan lissafin bai taɓa canzawa a bakin Iya ba. A na ashirin ruwa ya sauka da asuba, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasa. Gari ya waye kowa ya fita da sungumi. Mutumin ya zauna a zaure yana kallon igiyar rataye iri da babu komai a jikinta. Sai ga matar ta turo tukunya gabansa ta ɓalle murfin.

"Malam, tashi. Ƙasa na bushewa."

Nan tatsuniyar ke tsayawa. Mu yi ta magiya ta faɗa mana abin da mijin ya ce, ita kuwa ta kife tukunyarta ta ce, "Ta ƙare, tukunya ma ta fita, kowa ya je ya yi alwala."

Iya ta rasu ina ɗan shekara goma sha huɗu. Da ruwan shuka ya sauka a shekarar, Malam ya aika wa mahaifiyata cewa a yi masa kwaɗon ƙanzo, shi da haƙoransa suka kusa ƙarewa. Ni na kai masa. Ya ɗebi loma ɗaya ya daɗe yana juya ta a baki. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Kwana goma sha tara na ci wannan ina zagin ta. Da ta buɗe tukunyar, ko na gode ban iya ce mata ba. Tashi na yi na ɗauki sungumi." Ya ture kwanon. Na fita na zauna bayan rumbu na yi kuka fiye da wanda na yi ranar jana'izarta.

Yanzu a Dutse nake zaune, na tsufa ni ma, abinci kuma ya yi tsadar da kowa ya sani. Uwar 'ya'yana tana da wata ɗabi'a: ba ta zuwa kasuwa sai ta ga bayan abin da ke gida. Ta fito da ragowar miyar kuka daga firij, da kan kifin da ya daskare a firiza, da rabin kabeji, da guntun taliyar da ya maƙale a bayan kabad, ta haɗa su ta yi mana kwana uku da su. Shekara da shekaru ina ci ina ɓata rai, ina ganin ai ni nake kawo cefane, ban taɓa tambayar kaina yadda ɗan abin da nake kawowa ke kai mu ƙarshen wata ba. Na daɗe ina ba da labarin Iya a matsayin jikanta. Ban lura cewa kujerar Malam na gada ba.

Ran nan ta ajiye mini ɗumame karo na uku a jere. Na buɗe baki zan yi ƙorafi, sai na rufe. Na ce, "Hajiya, na gode. Amma don Allah, ke me kike ɓoyewa a tukunya?"

Ta dube ni kamar na zautu, sannan ta tura mini kwanon yaji.

"Ci abincinka, Alhaji. Wannan ba wurin leƙenka ba ne."