Fasasshen Tanki da Sabuwar Hitar Monica

Duk wanda ya san Monica a unguwar Levenshulme ta Manchester ya san ta da ma'aunin zafi a aljihun riga. Shekara goma sha huɗu tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi bayan Stockport Road, kuma aikinta wanka ne: tsofaffi shida kafin sha biyun rana, kwana biyar a mako. Wanka talatin ke nan duk mako, amma ba a taɓa jin ta ƙona wani ko ta sa shi karkarwa ba. Digiri talatin da takwas, ba ƙari ba ragi. A Bukuru kusa da Jos aka haife ta, 'yar mai gyaran famfo ce, kuma a wurin babanta ta gaji wata magana da take yawan faɗa: ruwa ba ya rufa wa kowa asiri, inda ya fasa nan yake nuna mai sakaci.

Mijinta Dung direban bas ne. Shi da yayansa Jeremiah, wanda ke zaune a Erdington can Birmingham, suka haɗa hannu suka sayi wata tsohuwar karaban, irin ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ja da mota. Dalilin sayenta ɗaya ne. Duk Ista, Kiristoci masu jin Hausa na Manchester da na Birmingham sukan haɗu kwana uku a filin wani manomi da ke tsakanin garuruwan biyu, a yi sujada, a ci tuwo, a kwana a tanti. Famfo ɗaya ne a filin, ruwansa kuwa kamar daga firji. Dung da hannunsa ya sa wa karaban ɗin hita mai ƙaramin tanki, ya kwashe Asabar huɗu yana fama. Da yake gidajen Levenshulme a manne suke ba wurin ajiya, a ƙofar gidan Jeremiah ake ajiye ta.

A watan Oktoba Dung ya rasu, ciwon kwana tara. A watan Disamba aka yi sanyin da ya daskarar da komai. A watan Maris, da aka zauna taron shirin Ista a zauren coci, dattijon ikilisiya Baba Chollom ya tambaya ko za a samu ruwan zafi a karaban kamar kullum. Jeremiah ya miƙe ya gyara kwat.

"Ai babu hita, Baba. Matarmu ta gama da ita. Ita ta shiga ƙarshe, ta kunna ba ruwa a ciki, ta ƙone ƙurmus. Gumin ƙanena ke nan, tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba. Mace da inji, ai sai addu'a."

Mutum arba'in da uku ne a zauren. Goma sha bakwai suka yi dariya. Monica ta ƙirga su, tana sanye da baƙin ɗankwali. Ita dai ta san rabonta da karaban tun Satumba, kuma ta san wanda ya ja ta zuwa bakin teku da abokansa a Nuwamba. Amma wa zai saurari gwauruwa a kan dattijo mai kwat? Da aka tashi sai Jeremiah ya biyo ta har wurin mota, wai shi zai sayi sabuwa fil, ta zo ta kwashe tarkacen mijinta daga ƙofar gidansa.

Ta zo kuwa. Darasi shida ta ɗauka na koyon jan karaban, ta ja ta mil tamanin da wani abu zuwa Manchester ba ta wuce hamsin a awa ba, ta sama mata wurin ajiya a wajen gari. Ranar hutunta ta farko ta ɗaga kujerar da hitar ke ƙarƙashi, ta kwance kusoshi takwas, ta ciro tankin. Babu ko ɗigon baƙi a jikinsa, ba alamar wuta. Abin da ke akwai tsagewa ce mai tsawon ɗan yatsa, leɓenta a buɗe yana kallon waje. An bar ruwa a ciki, ya zama ƙanƙara, ya kumbura ya fasa ƙarfe. Ɗan makunnin rawaya da ake ɗagawa a zubar da ruwan kafin sanyi yana nan a kwance, ba wanda ya taɓa shi.

Da wata ce, da ta ɗauki hoto ta watsa a WhatsApp a ranar. Monica ta naɗe tankin a tsohon zane ta tura ƙarƙashin bene. A gaban mutane aka ci mutuncinta, ba a waya ba, don haka a gaban mutane za a biya ta. Istar waccan shekarar ba ta je ba. Ta ji labari dai: Jeremiah ya zo da doguwar karaban fara sol, da hita irin ta zamani marar tanki, yana ta kai mutane su gani.

Sai ta shiga neman tata hitar, kuma ba neman wasa ba. Littafi guda ta ware. Shago biyar ta shiga, na biyar ɗin a unguwar Aston ta Birmingham, inda ta tarar da wani Bakano mai suna Abdulmuhaimin, yana digiri na uku a jami'a yana taɓa aikin shago ranar Asabar. Jin Hausa a bakinta ya washe baki.

"Anti, ai ga wadda kowa ke saye yanzu. Ba tanki, ba jira. Kina buɗe famfo, ruwan zafi har sai kin gaji."

"In na buɗe famfon duka fa, ina son cika bokiti?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "To, in ruwan na gudu da yawa ba ya samun lokacin yin zafi sosai. Zai fito da ɗumi-ɗumi. An yi ta ne don shawa."

"Ɗana, ka taɓa ganin tsohuwar Jos ta tsaya ƙarƙashin shawa a fili? Mu da bokiti muke wanka. Nuna mini mai tanki."

Ya nuna mata mai lita shida, da mai goma, da mai goma sha huɗu. Nan take ta jingina da kantar shagon ta yi lissafi. Lita goma a digiri saba'in, in aka sirka da ruwan sanyi lita takwas da ɗoriya, za a samu wajen lita goma sha takwas a digiri arba'in. Bokiti biyu ke nan na mutum mai hankali. Mai shida ta yi kaɗan. Mai goma sha huɗu ba za ta shiga ramin da Dung ya yanka a ƙarƙashin kujera ba, ita kuwa ta rantse ba za ta ƙara yanka ko inci ɗaya a aikin hannunsa ba. Mai goma ta zauna daram, kuma tana aiki da gas ko lantarki.

"Minti nawa take sake zafi?"

"Wajen rabin awa a kan gas."

"Wane gas?"

"Yawwa, nan ne mutane ke faɗawa rami," in ji Abdulmuhaimin. "Shuɗiyar tukunya ta bazara ce. Da sanyi ya kusa daskarar da ruwa, gas ɗinta sai ya kwanta ya ƙi tashi. In za ki fita da sanyi, jar tukunya za ki saya."

Monica ta rubuta wannan, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ta sayi mai lita goma, ta kira mai lasisin aikin gas ya haɗa mata, ta tsaya a kansa har ya gama. Sau huɗu ta gwada ta a wurin ajiya da agogo a hannu. Minti ashirin da takwas, kowane karo.

Ista ta gaba ta faɗo ƙarshen Maris. Ranar Juma'a Monica ta shigo filin da tsohuwar karaban, ta yi baya da ita sau ɗaya tak ta tsaya taku goma sha biyu daga ta Jeremiah. Yana tsaye da kofin shayi.

"A'a, matarmu! Akwalar ce har yanzu? Wannan karon dai a zuba ruwa kafin a kunna."

"Na ji, Yaya. Na gode da tuni."

Akwatin gaban karabansa a buɗe yake. Tukunyar gas biyu a ciki, duka shuɗaye. Ta duba wayarta: safiyar Lahadi sanyi zai sauka biyu ƙasa da sifili. A cikin nata akwatin akwai jajaye biyu, ɗaya ko buɗe ta ba a yi ba. Kalma biyar za su ishe ta gargaɗe shi. Ta rufe akwatinta ta shiga ɗora tukunyar miya.

Safiyar Lahadi ciyawa ta wayi gari fari fat. Jeremiah ne zai yi karatun Littafi a sujadar ƙarfe tara, ya kwana biyu yana sanar da mutane. Tun bakwai Monica ke jin hitarsa tana ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba ta kamawa. Ta ƙirga har sau goma sha tara. Ita kuwa ta riga ta kafa tebur a ƙofa, ga hita cike, ga manyan tukwane biyu a kan murhu suna taimakawa, tsofaffi sun fara layi da bokitai. Kowa ta auna masa, ta tsoma ma'auni, ta ce na gaba.

Bethany matar Jeremiah ta zo rakuɓe da bokiti biyu, ta kira Monica da sunan 'yarta.

"Maman Lovelyn, ina kwana. Ki taimaka."

"Lafiya lau, Yaya Bethany. Wanne ne naki?"

"Koren."

Monica ta cika koren. "Wancan kuma mai shi ya zo da ƙafarsa. Ba ni da faɗa da ke."

Ƙarfe takwas da kwata sai ga Jeremiah, da tawul a wuya, gemu rabi da busasshen kumfa. Mutum goma sha ɗaya ne a layi, har da Baba Chollom, wasu kuma na zaune kusa suna shan kunu. Jeremiah ya wuce su duka ya dangwarar da bokiti a kan tebur.

"Matarmu, yi sauri, ni ke da karatu."

Monica ta shiga ciki. Ta fito da ƙunshin zane, ta kwance shi a hankali, ta ajiye tankin kusa da bokitinsa, tsagewar tana kallon jama'a.

"Baba Chollom, kai ka yi aikin ma'adinai shekara ashirin, ka san ƙarfe. Don Allah duba mini. Wuta ce ta yi wannan?"

Tsohon ya sa tabarau, ya shafa wurin da yatsa, ya leƙa ciki. "Wuta? Ina baƙin? Wannan daga ciki aka turo shi. Ƙanƙara ce."

"A ƙofar gidan wa ya kwana cikin Disamba, Yaya?"

"Haba, Monica, yau fa ranar tashin Ubangiji ce. Ranar gafara."

"Shi ya sa na zaɓe ta. Gafara ai sai an faɗi laifi. Wata goma sha biyu da kwana goma sha tara ina jira. Wa ya ja ta zuwa bakin teku a Nuwamba?"

Ya waiga wajen matarsa. Bethany na kallon koren bokitinta kamar yau ta fara ganinsa. Wata tsohuwa a layi ta ce, "Malam, ka amsa mana, ruwa na hucewa."

"Ni ne," in ji shi can ƙasa-ƙasa. "Mantuwa ce, ban zubar da ruwan ba."

"Ban ji ba. Ran nan har bayan zaure aka ji ka, ba lasifika."

"Na ce ni ne! Ni na bar ruwa a ciki. Ba ita ta ƙona ba."

"Gumin wa ka fasa?"

Baba Chollom ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau.

"Na Dung."

Monica ta dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Cikin goma sha bakwai ɗin da suka yi dariya, tara na wurin, kuma babu mai dariya yanzu. Sauran takwas ɗin za su ji kafin a gama kunu, wannan ba ta da shakka. Ta naɗe tankin ta mayar ciki, ta dawo ta ɗauki bokitin Jeremiah ta miƙa masa, wayam.

"Ruwan fa?"

"Akwai layi, Yaya. Kai ne na goma sha biyu. In tukwanen sun taimaka, tara saura biyar za ka samu."

"Karatun fa?"

"Ka fara bitarsa a nan, muna ji."

Ya koma bayan tsohuwar nan ya tsaya, kumfa na tsattsagewa a gemunsa. Da layi ya zo kansa Monica ta auna masa lita tara cif kamar kowa, ta tsoma ma'auni. Talatin da takwas. Ko a kansa ba za ta ɓata aikinta ba.

Ranar Litinin da za a watse, ta durƙusa ta ɗaga ɗan makunnin rawaya, ta tsaya tana kallon lita goma suna zuba a ciyawa har ɗigon ƙarshe. Jeremiah na can yana naɗe rumfarsa. Ta ɗaga murya yadda duk filin zai ji.

"Yaya! A zubar da ruwa kafin a ajiye!"