Ranar da Na Sa wa Ɗana Sunan Ɗan Kwangila

Ko da zan manta shekarar da aka haife ni, ba zan taɓa manta safiyar sunan ɗana ba. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, kafin in ankara kuma idona ya cika da ƙwalla. Ba zan kama sunan kowa ba, sai sunaye biyu da labarin ba ya tafiya sai da su.

A lokacin ni ne manajan wani aikin haƙa rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, na wata ƙungiya mai zaman kanta, a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Gidana a Faskari yake, amma gara a ce kayana ne a can. Safiya in tashi Mairuwa, hantsi ina Tafoki, kafin la'asar kuma dole in bar kan hanya saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Wayoyi biyu gare ni, duk ba sa yin shiru. Ofis na son rahoto, masu ba da tallafi na son hoto, masu unguwanni na son ruwa, kuma kowa ni ya sani.

Gajiyar da nake faɗi ba irin wadda barci ke maganinta ba ce. Sai in kwanta da ita, in tashi da ita. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. A salla sai in tsinci kaina ina lissafin bututu, ƙabli da ba'adi suka zama mini kamar farilla. Wata rana matata ta ce mini gishiri ya ƙare, na ce mata, "An ji, za a duba." Ga wata dariya mara dalili da ta kama ni a 'yan kwanakin: a ce mini injin haƙa ya lalace, sai in fashe da dariya. Abokan aiki suna cewa ina da juriya. Juriyar ina? Kaina ne ya fara sakin layi ban sani ba.

Babban ciwon kaina shi ne ɗan kwangilar da zai ɗora tankin ruwa a garin Mabai, Alhaji Sada. An haƙa rijiya, an samu ruwa, ƙarafa na tsaye, tanki ne babu. Ga baƙi masu duba aiki na tafe nan da kwana goma. Na kira Alhaji Sada har yatsana ya san lambarsa ba sai na duba ba. In ya ɗauka ya ce gobe, in bai ɗauka ba in yi ta ambaton sunansa kamar mai lazimi.

Ana cikin haka matata ta haihu, namiji, bayan 'yan mata biyu. Tun muna da cikin fari na yi mata alkawari, duk ranar da Allah ya ba mu namiji sunan mahaifinta marigayi Malam Isiyaku zai ci. Shekara takwas tana riƙe da wannan alkawari. Ranar haihuwar ina Sabuwa, don haka yayanta ne ya yi wa yaro huɗuba, da sunan mahaifin nasu.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan gari ya waye. Ga goro, ga dabino, ga rago a ɗaure, surukaina sun zo mota guda daga Ƙanƙara. Ina zaune kusa da liman cikin babbar riga, hannuna na cikin aljihu ina latsa waya a ɓoye, ina kiran mutumina. Tana ta ringi ba a ɗauka. Liman ya sunkuyo ya raɗa mini, "Wane suna?"

Na ce, "Sada."

Wallahi ban ji fitarsa ba. Liman ya yi wa mahauci ishara, rago ya sha wuƙa, aka yi addu'a. Maroƙi ya miƙe ya buɗe murya: "Yaro ya ci suna Sada! Allah ya raya Sada!" Na shafa fatiha tare da kowa, har ina cewa a raina, ikon Allah, wane ne kuma ya rasa sunan da zai sa wa ɗansa sai na wannan mutumin?

A cikin gida an fara guɗa, sai ta yanke a tsakiya. Na ɗaga kai na ga yayan matata ya tsaya a kaina, goro a hannunsa bai kai baki ba. Ya ce, "Malam, mi ka ce ma liman?"

Nan abin ya faɗo mini. Maimakon in yi salati, sai dariyar nan ta taso. Na toshe baki da hannun riga, ta ƙi. Na yi ta ƙyaƙyatawa a gaban surukaina har hulata ta faɗi, hawaye na zuba, ina cewa, "Tanki ne! Wallahi tanki ne!" Wani dattijo ya matsa gefe da tabarmarsa, wani ya ce a tofa mini addu'a. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban iya dainawa ba.

Surukata, Hajiya, ta aiko a kira ni zaure. Mace ce mai barkwanci, ita ta cece ni a ranar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni an ce mani maigidana ya dawo, na yi lalle na sha kwalli, sai in ji wai Sada. Wane ne Sada? Ni ban san shi ba, ban kuma aure nai." Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya. Sannan ta rage murya ta ce, "Tahi ka ga matarka. Ita ba dariya take ba."

Kafin in shiga, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Wa zan gani? Alhaji Sada da kansa, mutumin da na yi mako uku ina nema! Ashe direbanmu ya buga masa waya ya yi masa albishir an yi masa takwara. Ya fito yana washe baki, da turmin atamfa da 'yan kayan jarirai, ya rungume ni. "Manaja, ashe haka ka ɗauke ni? Ka gama da ni! Tankin Mabai, jibi in Allah ya so ruwa na zuba. Ina takwara?"

Abin da kira ba adadi ya kasa, suɓutar baki ta yi shi cikin awa biyu. Kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: sai da na tsaya na yi tunani. Na ce a raina, a bar sunan mana kwana goma kacal, baƙi su zo su tafi, sannan a gyara a hankali. Har na ji daɗin dabarar.

Da wannan dabarar na shiga ɗaki. Matata na zaune bakin gado da yaro a cinya, ta sha ado, idonta a bushe. Na fara yi mata bayani, har da ƙirga kwanaki a yatsu. Ta bari na gama tsaf, sannan ta miƙo mini shi ta ce, "Riƙe shi. Da wa ya yi kama?"

Na karɓe shi na duba. Kwana bakwai da haihuwarsa, sai a lokacin na san yana da ɗan baƙin tabo a bayan kunne, kuma goshin marigayi ne sak. Ta ce, "Ka ba su ƙarfinka na yi shiru, ka ba su barcinka na yi shiru. Sunan babana ma sai ka ba su aro?"

Dariyar ta tsaya cak. Na zauna a ƙasa da babbar rigata na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Da na gama na ciro wayoyin biyu na kashe, na ajiye mata a kan gado.

Bayan sallar azahar na miƙe a masallaci, Alhaji Sada na sahun gaba, na ce jama'a su yi mini afuwa, gajiya ce ta yi magana da bakina, sunan yaro Isiyaku. Liman ya ce ba komai, rago don yaro aka yanka shi, ba don suna ba. Alhaji Sada ya ce, "To atamfar dai na bar ma mai jego." Masallaci ya ɗauki dariya, wannan karon har da ni, kuma dariyar lafiya ce.

Tanki bai hau jibi ba. Baƙi suka zo suka ga ƙarafa tsaye, suka yi rubuce-rubucensu, na sha faɗa a ofis. Na nemi hutu, likita ya ce jinina ya hau, aka ƙaro mini mataimaki da ya kamata in nema tun tuni. Bayan mako uku ruwa ya zuba a Mabai, kuma ina gida ranar, ina jijjiga yaro. Duniya ba ta tashi ba.

Yanzu yaron yana firamare. Uwarsa na ce masa Abbana, Hajiya na ce masa Maigida, 'yan unguwa kuwa har gobe Mai Tanki suke kiransa. Abin da na koya shi ne, aiki ba ya cewa ya ƙoshi, kai ne za ka ce masa ya isa. Shi ya sa duk ma'aikacin da na ga ya fara dariyar da ba ta da dalili, nakan ce ya kashe waya ya tafi gida ya ƙare wa 'ya'yansa kallo, tun yana iya tuna sunayensu.