Kamun Baba magini

Shekara tara ina zanen gidaje a Magarya da odinata, wato kwamfuta. Cikin manhajar zanen akwai ƙaramin ƙari mai juya awo: metir zuwa ƙafa don masu sayen kwanon rufi a Najeriya, ƙafa zuwa metir don takardun ofis. Na ƙara masa awo na uku da hannuna, wato kamun wani tsohon magini na Dungas da ake kira Baba. Shi ba ya aiki da metir. Daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa, shi ne awonsa. Na auna hannun sau ɗaya, na shigar, tun daga nan duk zanen da zan ba shi da kamunsa nake fitar da shi.

Ƙa'idata in zan sabunta manhaja uku ce: in rubuta abin da ke ciki a littafi, in sabunta, in gwada. Wata Laraba na tsallake ta farko. Sabon ƙarin ya sauka lafiya, metir da ƙafa suna nan, kamun Baba ya tafi.

A makon nan kuwa akwai ɗakin da Baba zai gina wa wata gwaggo da mijinta ya rasu, a can Dungas. Ta riga ta sayi azara mai metir uku, ba ta da halin sayen wata, damina kuma ta matso. Zuwa Dungas don auna hannu ɗaya ya yi mini nauyi. Na auna nawa, na shigar, zane ya ce faɗin ɗaki kamu shida. Na aika ta hannun mai kabu-kabu.

Ranar kafa turaku na je. Na tarar Baba ya ja igiya kamu shida, ya kwantar da azara ɗaya a ƙasa kusa da ita. Azarar ba ta kai ba.

"Malam, wannan kamun wa ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Miƙo."

Ya jera hannunsa da nawa. Nasa ya wuce da kusan tafi guda.

"Da wannan ɗan hannun za ka rufe wa baiwar Allah ɗaki? Ko tsakiyar akushin tuwo ba ya kaiwa."

Gwaggo tana zaune kan turmi, ta ce, "Ku dai ku daidaita hannuwanku kafin hadari ya haɗo."

Na ciro metir, Baba ya ɗora gwiwar hannunsa kan bulo, na auna sau biyu: santimetir hamsin da biyu. Na sake lissafi a bayan takardar, faɗin ya koma kamu biyar da ɗan ƙari. Ya matso da turaku, ya sake kwantar da azarar. Ta hau igiya ta kowane gefe da saura.

Da na koma Magarya na rubuta lambar a littafi tukuna, sannan na shigar da ita. An rufe ɗakin kwana shida kafin ruwan fari.