Sassaƙen Baban Rakiya

Har gobe ban manta da safiyar da sakamakon 'yan gadi ya dawo daga Kumasi ba. Lokacin ni ce mai kula da ɗakin ɓeraye a wurin bincikenmu da ke hanyar Yendi.

Ku sabbin zuwa, bari in yi muku bayani. 'Yan gadi ɓeraye ne da ba ma gwada komai a kansu. Dusar katakon da sauran suka ɓata muke zuba musu su kwanta a kai. In akwai cutar da ke yawo a ɓoye, su za su kwasa, mu gan ta a jininsu. To, wannan karon jinin ya nuna ƙwayar cuta, wato bairos. Ɓerayen kuwa sumul, suna cin abinci kamar 'yan biki.

Wadda abin ya faɗa wa ita ce Rakiya, ɗaliba 'yar Salaga. Sassaƙen da mahaifinta ke ba masu zazzaɓin cizon sauro take gwadawa, ɓerayenta kuma sai warkewa suke. Da aka bi diddigi, bairos ɗin ya fi kama layin kejin da take ba maganin, ya riga ya tayar da garkuwar jikinsu. Ba mai iya cewa sassaƙen ne ya yi aikin. Ƙa'ida kuwa ba sassauci: a kashe su duka, a wanke ɗaki, a koma farko.

"Anti Fati, na riga na gaya wa Baba," ta ce, idonta taf da hawaye. "Na ce masa maganinshi ya ci."

Tausayinta ya kama ni, na ce zan raka ta Salaga wurin mahaifin nata.

Mun same shi kwance a zaure kusa da tulin doya, jiki ya yi nauyi. Ni na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato akwai wani ciwon a jikinsu, ku ba ku sani ba?"

"Haka ne, Baba."

"Allah sarki. Su ba su da bakin faɗa."

Ya jawo jakar fatarsa da ƙyar, ya ɗebo sassaƙe ya zuba mata a gefen mayafi.

"Ki sake gwadawa, uwata. In bai yi ba, kada ki ji nauyina. Ki zo ki faɗa mini, in daina ba 'ya'yan mutane."

Kafin sabbin ɓeraye su isa gwaji, Allah ya karɓi abinsa.

Shi ya sa nake tsare ku da faɗa a kan wanke hannu da sauya takalmi a bakin ƙofa, har kuke ce mini Hajiya Sabulu. Ku ce, ban damu ba. Kowane keji akwai mai jiran amsarsa a gida, kuma ba kowa ne ke da kwanan jiran a sake ba.