Shanyar Kuɓewa a Saman Bene

Shekarar da muka baro unguwar Sa'alaba muka kama haya a hawa na uku na wani bene a Aziziyya, duk a cikin Jidda, rufin benen ne ya fara burge mahaifiyata. Fili ne shafe da siminti, tankunan ruwa a gefe guda, kejin tantabarun wani dattijo a ɗaya gefen. A nan take shanya kuɓewa. Takan sayo ɗanya a kasuwar Bab Makka, ta yayyanka, ta baza a tabarma har ta bushe ƙayau, sannan ta daka. Haka ta saba tun a Sudan, ba ta yarda da garin leda ba. Ni kuwa nakan bi ta da littafin soyayya, in zauna a inuwar tanki ina kallon jiragen sama suna saukowa, ina raya cewa kowanne ya ɗauko wa wata masoyinta.

Wata safiya muka tarar da takarda manne kusa da lif. Ƙungiyar masu gidajen benen ta zauna, ta yanke cewa za a kulle rufi, ba shanya, ba ajiye kaya. Mu 'yan haya ne, ba mu da ƙuri'a, ba a ma gayyace mu ba. Makulli ɗaya aka bari, a hannun shugaban ƙungiyar, wanda shi ne mai tantabarun.

Umma ba ta san ƙorafi a rubuce ba. A saninta, in kana da buƙata wurin babba, gaisuwa kake zuwa. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa, ta sa na ɗauko kwanukan muka sauka hawa na ɗaya. Dattijon ya karɓa da fara'a, har ya buɗe ya shinshina.

"Ya Hajja, wannan ƙamshi ai sai ya tayar da majinyaci!"

"A saman nan ta bushe, Alhaji," in ji Umma. "Wurin tabarma ɗaya nake roƙo."

Ya dafa ƙirji. "Wallahi da nawa ne, na ba ki. Amma an sa hannu, halas, magana ta ƙare."

"Su tantabarun, sun sa hannun ne?"

Ya yi dariya har da tari. Washegari kwanukan suka dawo cike da dabino, ƙofar rufi kuma tana nan a kulle.

Yayana, wanda aikinsa cike wa mutane takardun iƙama, wato izinin zama, bai ga abin dariya ba. Ya nemo takardar kafa ƙungiyar ya karanta mana. A ciki an rubuta cewa rufi da matakala na tarayya ne, ba a keɓe su ga mutum ɗaya, kuma duk dokar da aka kafa ta hau kan kowa.

"Umma, suna da ikon kullewa," ya ce, "amma ba su da ikon kulle ki su bar shi."

"Kai dai da ƙaƙale! Ka bar ni in sake gaishe shi."

Bai bari ba. Ya rubuta wasiƙa da Larabci, ya kai wa matar da muke haya a gidanta, ita mai ƙuri'a, ta sa hannu. A zuciyata na riga na tsara ƙarshen: dattijon zai hawo da kansa, idanunsa sun kaɗa, ya miƙa wa Umma makulli.

Da ƙungiyar ta sake zama, sai ta ce yayana ya yi gaskiya. Doka ta hau kan kowa. Ranar Asabar wata ƙaramar mota ta zo aka sauko da kejin, dattijon yana biye yana cewa a yi a hankali. Makullin ya koma wurin mai gadi, don masu gyaran tanki kawai.

Umma ta kalli motar ta taga har ta sha kwana.

"To, ka yi nasara," ta ce wa yayana. "Ni wurin tabarma na nema. Ban ce a raba bawan Allah da tsuntsayensa ba."

Ta gwada shanya a tagar kicin, laimar Jidda ta sa kuɓewar ta yi baƙi ta yi funfuna. Daga nan duk ranar Alhamis sai ta ɗaure ɗanyarta a buhu, mu shiga tasi zuwa gidan ƙanwarta a Sa'alaba, inda rufin mai gida ɗaya ne kuma ba ya hawa.