Ƙwayar Dawa Ɗari da Na Zaɓa da Hannuna

Gaisuwa ga edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗaliba ce a sashen noma, saura shekara ɗaya in gama jami'a a Khartum sai yaƙi ya ɓarke, na dawo gida Gadarif da littattafaina a kwali. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙi aka yi a gida ɗaki nake shigewa. Abin da na iya shi ne karatu da yin abu daidai. Da zaman ya yi yawa, babana ya roƙi wani amininsa, mudir, wato shugaba, a wani ofishin hukuma da ke gwada iri kafin a raba wa manoma, ya ɗauke ni in koyi aiki. Ammu, wato baffa, nake kiransa tun ina ƙarama, sahu ɗaya suke sallah da babana.

Aikin ba wuya. Ana soka buhuna a ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya, a ƙirga ƙwaya ɗari, duk wadda ta zo hannu ba tare da an duba ba. Sai a jera su a takarda mai laima, a naɗe, bayan kwanaki a ƙirga waɗanda suka tsiro. Gab da damina aka kawo irin dawa da za a raba wa mutanen da suka gudo daga Jazira da Khartum, waɗanda aka ba gonaki wajen Gadambaliya. Tun da na buɗe buhun farko na ji warin ruma, ga ƙwayoyi da ƙwari suka huda. Hamsin da biyu suka tsiro. Na ɗauka ni na yi kuskure, na sake, hamsin da biyar.

Na kai wa Ammu takardar. Bai yi faɗa ba, dariya ya yi ya aika a kawo jabana, gahawar da ake karrama baƙo da ita. Ya ce ya bitti, wato 'yata, wannan karatun Khartum ne, dawa ba littafi ba ce, baƙar ƙasar Gadarif ko tsakuwa aka jefa mata sai ta tsiro. Bai ce in canja lamba ba, wannan zan shaida masa ko a gaban Allah. Cewa ya yi in sake gwaji in fitar da marasa lafiya, tunda manomi ma sai ya sheƙe iri kafin ya shuka. Ya ce in aka mayar da wannan babu wani a hanya, ruwa kuma ba ya jiran takarda, shin so nake bayin Allah su zauna da gona babu iri? Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara, na ga ya miƙe tsaye kafin ya amsa, yana ta hadir, hadir, wato to ranka ya daɗe, yau za a gama. Da ya ajiye sai ya tambaye ni ciwon ƙafar babana, ya ce in gaishe shi. Wata babbar ma'aikaciya da muke ɗaki ɗaya ta ga fuskata, ta ce doktora, daina kallon dawa kamar gawa, nan ba a ƙarya, zaɓe ake yi, ita shekararta ashirin tana yi ba a taɓa kama ta da lambar ƙarya ba.

Na zauna na tsince ƙwaya ɗari masu ƙiba, ɗaya bayan ɗaya, da irin kulawar da ake yabona da ita. Casa'in da ɗaya suka tsiro. Na rubuta, na sa hannu, aka buga hatimi. Na riƙa gaya wa kaina lambar gaskiya ce, ni na ƙirga. Sai daga baya na tuna abin da na sani sarai tun aji biyu: da an rubuta hamsin, da an ce wa manoma su ninka irin a kowane rami, kuma da wataƙila gonar ta cika. Da casa'in a takarda, kowa ya shuka kamar iri mai kyau.

Tsakiyar damina muka fita duba gonaki. Gonar wani dattijo ɗan Jazira da ya shuka irin namu tana nan kamar kan da makero ya ci, nan tsiro, can fili. Ya shimfiɗa mana buhu, ya dafa shayi. Ya ce shi noman ban ruwa ya sani tun yana yaro, noman ruwan sama bai iya ba, wataƙila ya binne da zurfi, ko ya yi gaggawa. Sannan ya juyo gare ni ya ce ya bitti, ke ce mai karatu, gaya mini inda na kuskure kada in maimaita baɗi, ina da jikoki shida a tanti. Na buɗe baki na ce masa ƙarancin ruwa ne. Kuma ruwan ya ɗauke kusan mako biyu bayan shuka, wannan ma gaskiya ne. A mota Ammu ya ce kin gani ko, ruwa ne. Amma na ga gonar maƙwabcinsa da ya shuka irin ajiyarsa, ita ma ta sha wahala, sai dai ta fi cika nesa ba kusa ba.

Na gaya wa babana komai. Ya ce Ammu mutumin kirki ne, ba mu san nauyin da ke kansa ba. Can kuma ya ce kada in koma. Bai haɗa mini maganganun biyu ba, ni ma na kasa. Har yau ban san nawa ne laifin iri, nawa ne na ruwa ba. Ban san ko da na ƙi, za a ba wani ya sa hannu, ko za a bar mutanen babu iri gaba ɗaya ba. Wata rana in ga Ammu ya zalunce ni, wata rana in ga shi ma matse shi aka yi. Da kaka na ji dattijon ya koma yankan dawa a gonakin wasu.

Ga 'yan'uwana masu shiga aikin hukuma, musamman masu kunya irina: ni dai ba wanda ya yi mini tsawa ko barazana. Da jabana aka zo mini, da ya bitti, da hujjar da har yanzu ban iya rusawa ba. In ba za ku iya musu ba, ku rubuta abin da kuka samu yadda yake, ku ajiye a teburin babba, in yana da wata lamba ya sa nasa hannun. Kada ku bari a sa ku gyara hanyar aiki don lambar ta fito da kanta. Na sha shirin komawa Gadambaliya, sai in tsaya a tasha in juyo. Duk abin da na kasa ganewa, wannan ɗaya na gane: akwai dattijon da ya yi noma tun ba a haife ni ba, yana can yana zaton bai iya shuka ba, kuma ya tambaye ni na bar shi a haka.